Rawanin Kwaɗo Mai Horo

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo, muna saurare.

Kunkuru ya ajiye tumbi, sai ya nufi Kwaɗo mai koyar da motsa jiki.

"Yi tsalle," in ji Kwaɗo, don iyakar iliminsa ke nan.

Kunkuru ya diro daga kan dutse, bayansa ya tsage. Ya ja jiki wurin Zaki.

"Ranka ya daɗe, wanzamai na da Sarkin Aska. Masu horo fa, wa ke tsawata musu?"

"Gaskiyarka. A yi musu sarki."

Aka duba wanda ya fi daɗewa a sana'ar, aka naɗa Kwaɗo.

Kunkuru ya kai ƙara gabansa. Kwaɗo ya gyara rawani ya ce, "Tsallen ne bai isa ba. Koma ka sake."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa wuta.