Akwatin Wuta Marar Nauyi

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Tawa, sunansa Abdurazak. A cikin ordinater ɗinsa, wato kwamfuta, akwai bidiyo na minti huɗu: mahaifiyarsa Kulu zaune kan tabarma a Barmu tana sa masa albarka, kwana tara kafin rasuwarta. Wayar da ya ɗauka da ita ta ɓata, don haka nan kaɗai bidiyon ya rage.

Da aiki ya ƙaru, ya sa wa na'urar babban katin hoto mai jan wuta. Daga nan ta riƙa mutuwa da kanta. Sai ya kira Ciɗo, tsohon mai gyaran rediyo da ya koma gyaran ordinater. Shekaru sun sa hannun Ciɗo rawa.

Ciɗo ya kwance alimantasiyo, wato akwatin da ke raba wa sassan na'ura wuta. Bai dubi takardar da ke jikinsa ba. Ya ɗora shi a tafin hannu yana jinjinawa, kamar dillali na taɓa bayan rago a kasuwa.

Ya ce, "Ɗana, fanko ne. Na ƙwarai nauyi gare shi. Ran da wanga ya gaji, ba shi kaɗai za ya mutu ba, har diskin da ke aje hotunanka za ya ƙona. Canza shi. In ka ƙi, kwashe abin da kake so a kile, ƴar ma'ajiyar nan ta USB, yau."

Abdurazak ya buga yatsa kan takardar. "Wat ɗari biyar aka rubuta, Baba! Hannun da bai riƙe kofin shayi ne ke auna wuta?"

Ya kwaikwayi rawar hannun. Ƴan kabu-kabu da ke ƙofa suka kwashe da dariya. Ɗayansu ya ce, "Tsoho, zo jinjina babur ɗina, ka faɗa min ko da sauran esansi a tanki!"

Ciɗo ya mayar da akwatin, ya ɗaure kusoshinsa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Kile na cikin aljihun Abdurazak. Bai kwashe komai ba, don kada a ce ya ji maganar tsohon.

Ran Lahadi da hantsi aka ji "tas!" Warin ƙonanniyar roba ya cika shagon Abdurazak.

Da ƙafa ya kai diskin wurin Ciɗo. Tsohon ya sansana shi, ya jona a tasa na'urar, ya kara kunne ya daɗe. Shiru. Ya miƙa masa abinsa.

"Baba, muryar innata na ciki. Don Allah."

Ciɗo ya dube shi, ya ce a hankali, "Aje shi kan tebur, ɗana. Hannunka na rawa."

Ni mai ba ku labarin nan, na san Kulu. Ni ma yau na nemi muryarta a kaina, ban samu ba.

Darasi: Kada ka yarda da rubutun jikin kaya fiye da hannun da ya daɗe yana aiki, kuma kada girman kai ya hana ka ajiye abin da kake ƙauna wuri biyu. Ku tura wa wanda na'urarsa ke mutuwa da kanta, tun diskinsa na juyawa.