Mabuɗin Injin Baba Jatau

Ku gyara zama, mai goro ya ɓare ya miƙo, yau na zo muku da shari'ar da ta hana wani tsoho jin daɗin tuwonsa.

A Kwanar Tsamiya akwai Baba Jatau mai injin casar shinkafa. Shekara talatin da uku injin nan yana kuka, da shi ya raini 'ya'yansa uku. To amma inji ɗan'uwan akuya ne, inda ya ci nan yake kashi. Ɓuntun shinkafa ya taru a bayan ɗakin har ya zama tsauni, direbobi na kwatance da shi. Ana nan sai wuta ta shige ƙarƙashinsa. Ba ta ci da harshe ba, ba ta kuma mutu ba, sai hayaƙi wata da watanni. Liman ba ya kai ƙarshen Fatiha sai ya tsaya ya yi tari, jarirai kuwa ba a magana.

Mai gari ya sa aka kira shi, ya ce, "Jatau, kafin a sa lauje a sabuwar shinkafa, ko tsaunin nan ya kama hanya, ko injinka ya kama."

Tsoho kuwa, shi da injin nan sai dai mutuwa. Nan bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ɗaga mabuɗin ɗakin inji a gaban dattawa ya ce, "Ranka ya daɗe, a shaida. Cikin 'ya'yana duk wanda ya raba ni da ɓuntun nan, mabuɗin nan nasa ne, da abin da ke bayan ƙofar."

Autarsa Lubabatu ita ce ta yi boko har ta ƙure, ta karanci haɗa sinadarai. Da ta ji, sai ta dawo gida da jakarta. Ta ce in aka dafa ɓuntu ba tare da iska ta shiga ba, yana fid da wani baƙin mai mai wari, wanda ko kyauta ba mai so. Amma akwai wani farin gari, wai shi ziyolayit, kowace ƙwayarsa cike take da ƙofofi fiye da gidan tururuwa. In tururin ɓuntu ya ratsa ta ƙofofin nan, sai ya fito ruwa garau, irin wanda masu kamfanin fenti da roba ke nema ido rufe. Garin kuma ba ya shiga cikin kayan, dillali ne, ya haɗa ciniki ya koma gefe. Sati uku tana fama da farar ƙasa da tokar ɓuntu da wani ruwa mai cin hannu, fatar yatsunta duk ta saɓule, har ta haɗa garin. Ta tatso ruwan nan cikin kwalba ta kai wa uban. Baba Jatau ya ɗaga kwalba a rana, ya dubi tsauni, ya ce, "Auta, Allah Ya yi albarka. Amma da wannan cokalin, sai jikokin jikokina."

Na tsakiya, Sallau, mai walda ne, ko sunansa in ya rubuta sai ka karkata kai kafin ka karanta. Ya kalli 'yan kwalaben ƙanwarsa ya yi dariya. Ya je ya jawo tankin wata tsohuwar mota da bututun rijiyar burtsatse, ya yanka, ya lanƙwasa, ya liƙe. Lubabatu ta gargaɗe shi, iska ko ta hancin sauro ta shiga, ɓuntu zai kama da wuta, tanki ya tashi da su. Sai ya yi irin ta masu facin taya: ya hura wa tankin iska, ya bi kowane ɗinki da ruwan sabulu, inda ya ga kumfa ya sake liƙewa. Sau goma sha ɗaya, har idanunsa suka yi jawur kamar gauta. Ran da aka hura wuta, da ɓuntun ma aka hura ta, ruwa ya dinga zuba jarka bayan jarka. Wani kamfanin fenti a birni ya aiko cewa mutuminsu zai zo ran Alhamis, in ya ga abin da idonsa, za su kafa manyan tankuna su cinye tsaunin. Mai gari ya ce shi ma ranar zai zo, shinkafa kuwa ta riga ta sunkuya.

Ran Litinin sai ruwa ya koma baƙi. Aka buɗe tanki, farin gari ya zama kamar shuni, baƙin hayaƙi ya toshe ƙofofinsa. Lubabatu ta zauna dirshan. Ta ce a makaranta gasa shi ake yi a murhun lantarki mai ma'auni. Wuta ta yi kaɗan, ba zai washe ba, ta yi yawa, ƙofofin su narke. Ta gwada da gawayi, rabi ya lalace. Haɗa sabo kuma sati uku ne. Baba Jatau ya shiga ɗakin inji yana shafa shi kamar mai sallama da doki.

Sai ga babbarsu, Kande, ta kawo musu fura. Ita ko ƙofar aji ba ta taɓa takawa ba, ginin tukwane ta gada wurin mahaifiyarsu. Ta ɗebi garin ta murza, ta ce, "Auta, wannan ne ya sa ki kuka? Ai tulu ne ya toshe. In tulu ya daina sanyaya ruwa, wuta ake mai da shi."

"Yaya Kande, da wane ma'aunin?"

"Da wanda ke goshina."

Ta baza garin cikin kasake, ta jera a ramin da take gasa tukwane, ta bar wa iska ƙofa. Yini guda tana tsugune tana karanta wuta, in ta yi jan barkono ta bar ta, in ta fara komawa ruwan lemo ta janye kara. Girarta ta babbake. Da aka sauke, gari ya fito fari tas kamar ba shi ba.

Ran Alhamis ruwa ya zubo garau. Baƙon kamfani ya sunsuna, ya ɗiga a 'yar na'urarsa, ya gyaɗa kai. Mai gari ya ce inji ya zauna. Sannan ya juyo yana murmushi, "To, Jatau, mabuɗi."

Tsoho ya laluba aljihu. Sallau ya ce, "Baba, ba don tankina ba da har yanzu da cokali ake yi." Lubabatu ta ce, "Yaya, ba don garina ba da tankinka na dafa wa mutane wari." Kande kuwa ta shafa inda girarta take a da.

Baba Jatau ya ce ko a yanko mabuɗi uku? Mai gari ya ce a'a, "wanda" Jatau ya ce a gaban dattawa, bai ce "waɗanda" ba, kuma jirgi ɗaya ba ya ɗaukar matuƙa uku.

Har yanzu hannun tsohon nan na cikin aljihu, tuwonsa na hucewa. To ku da kuka cinye goron mutane, ku fid da shi: mai farin gari, mai tanki, ko mai karanta wuta, wa za a damƙa wa mabuɗin?