Tsohon Sojan da Ya Mai da Kansa Raƙumi

Akwai wani tsohon soja mai suna Anaruwa, a wata ƙasa mai nisa inda duwatsu suke aman wuta, ƙattai masu ƙaho kuma suke saukowa su kwashe garken shanu a tafin hannu ɗaya. Tun yana saurayi yake bin sarkinsa yaƙi. Jikinsa duk tabo ne, kunnensa na hagu ma a bakin wani dodo ya baro shi. In dai aminci ake nema, ba a wuce Anaruwa.

Amma akwai abin da ke cin ransa. Sarkin yana da raƙumi mai fukafukai, wanda babu irinsa a duniya. A ranar yaƙin ƙarshe sarki ya sauka domin ya yi yaƙi a ƙasa tare da mutanensa, ya damƙa wa Anaruwa akala, ya ce, "Riƙe mini." Ana cikin gumurzu, sai shugaban ƙattan ya yi atishawa. Atishawa kawai fa, jama'a! Ƙasa ta girgiza, Anaruwa ya saki akala ya toshe kunnen da ya rage masa. Raƙumi ya firgita, ya yi sama, ba a ƙara ganinsa ba. Sarki ya ci yaƙi, amma da ƙafa ya koma gida.

Da suka iso, sarki ya kira shi a gaban jama'a, ya ce, "Na gafarta maka. Ga wurinka kusa da ni, kullum ka zo mu ci abinci tare."

Anaruwa ya faɗi ya yi godiya, amma kunya ta hana shi ɗaga ido. A zuciyarsa ya ce, "Gafara haka kawai? Ina! Wanda ya ɓatar da raƙumi, shi zai zama raƙumi."

Ku ji mutum. Ya ɗauki ƙwaryar matarsa Tabawa, ya kifa a baya ya ɗaure, wai tozo ke nan. Ya tare a turken raƙumin. Da Tabawa ta kawo masa tuwo, ya ce ta mayar, ta kawo ƙaya da kanwa.

Ta riƙe haɓa, ta ce, "Maigida, haƙoran nan naka da ko gyaɗa ba sa fasawa? To, fukafukan fa, a ina za ka samo?"

Da ta sani da ta yi shiru. Washegari ya ɗaura faifai a kowane hannu, ya hau kan rumbu, ya yi gurnani, ya daka tsalle. A kan akurki ya sauka. Kajin gidan sun daɗe ba su yi ƙwai ba.

Kullum ana ajiye akushinsa kusa da na sarki, kullum ana ɗauke shi a sanyaye. In sarki ya aika, amsa ɗaya ce: "Ku gaya wa sarki, raƙumi ba ya zama a tabarma." Fadawa suna dariya, amma sarki ba ya dariya, gama yana kewar abokinsa ƙwarai, yana kuma ganin yadda tsohon yake ramewa.

Sai ya zama sarki ya shirya babban biki a kan dutsen da aka ci yaƙi. Da aka fito, ga Anaruwa durƙushe a tsakiyar hanya.

"Ranka ya daɗe, hau."

Sarki ya ce, "Tashi, Anaruwa. Ba zan hau mutum ba."

Da ya ga sarki ya ƙi, sai ya ruga wurin masu ɗaukar kayan biki, ya ƙwace buhun gero, da tulun man ja, da tukunyar miya, ya jibga a kan tozonsa, ya kama hawa. Ya yi nisa, ba laifi. Can a tsakiyar dutse, sai aka ji ƙas! Ba tulun ba ne, bayansa ne. Ya zube, man ja ya wanke masa fuska, miya ta bi gangara. Ya yi ƙoƙarin tashi, ya kasa. Jama'a suka kewaye shi, wasu har da riƙe ciki. Tabawa kuwa ta ɗora hannu a ka tana kuka.

Sarki ya ratsa taron ya sauko. Da hannunsa ya kwance ƙwaryar ya miƙa wa Tabawa. Sa'an nan ya tattare babbar rigarsa, ya juya baya, ya durƙusa a cikin man nan, ya ce, "Hau."

Anaruwa ya zaro ido. "Ni? Bayan sarki? Gara in mutu a nan!"

"Ka taɓa ƙin umarnina a fagen yaƙi?"

"Ko sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"To, wannan umarni ne."

Tsohon soja ba ya ƙin umarni. Ya kama kafaɗar sarki. Sarki ya goya shi ya kama hawa, dariyar jama'a ta ɗauke ɗif. Hawayen Anaruwa suna zuba a wuyan sarki, yana ta maimaita, "Raƙuminka, ranka ya daɗe, raƙuminka."

Sarki ya ce, "Raƙumi sau ɗaya na rasa shi. Kai kuwa kullum nake rasa ka."

A ranar nan Anaruwa ya ci tuwo kusa da sarki, yana jingine, gama bayan bai yarda ya zauna daidai ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, sarkin nan Ubangijinmu Yesu ne. Anaruwa kuwa, kada ka waiwaya ka dubi na kusa da kai, ni da kai ne. Akwai ranar da muka saki akala, muka yi abin da ba za mu iya gyarawa ba. Mun roƙi gafara, ya kuwa gafarta, amma mun ƙi karɓa. Wani yana cikinmu yau, shi ne farkon zuwa sharar majami'a, shi ne na ƙarshen tafiya, amma ranar Jibin Ubangiji sai ya zame ya tsaya a bakin ƙofa, wai bai isa ba. Ɗan'uwa, hidima abu ne mai kyau, sai dai ba ta sayen abin da aka riga aka ba ka kyauta. Yesu bai hau gicciye domin ya sami dabbar ɗaukar kaya ba, kai yake so a kusa da shi. Kana cewa kai mai biyayya ne? To, karɓar gafara ma umarni ne. Shi ya riga ya durƙusa, saura kai ka hau.