Sufeto a Cikin Kayan Tarihi

Duk bayan 'yan shekaru hukuma kan turo sufeto ya duba gidan tarihin garinmu kafin a sabunta masa lasisi. Bana sai aka turo Alhaji Shu'aibu, wanda surukinsa ke son ginin don ya buɗe shagon katifu.

Don ya samu dalilin rufewa, ya ce wa mai kula da gidan, Malama Tasalla, "Sai kin nuna min tsohon abin da babu shi a zuwan baya. Kada ya zama saye, ko kyauta, ko tono, ko tsintuwa. In babu, yau zan rufe."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shekarunka nawa?"

"Ni? Na girmi ginin nan!"

"Sayo ka muka yi?"

"Wace irin magana ce wannan? Da ƙafata na shigo!"

Tasalla ta rangaɗa guɗa, ta kewaye shi da igiyar da ake kare kaya da ita, ta kira 'yan kallo. "Ku matso ku ga sabon kayanmu, amma ban da taɓawa!" Mutane suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto.

Alhaji ya ce, "Na yarda, na yarda! Buɗe min in tafi."

"Ayya, ranka ya daɗe, ai dokarku ce. Gidan da ba shi da lasisi ba ya fitar da kaya, kai kuma yanzu kayanmu ne. In ka sa hannu a lasisin, sai mu ba iyalinka aronka."

Nan take ya laluba aljihu yana cewa, "Ina biro?"