Hasbiya a Ƙofar Ɗakin Gwamma

An ce wai a wani gari da ake kira Rafin Gawo an yi wani tsohon falke mai suna Jatau. Ya shekara talatin yana fataucin kanwa da jakuna, har gwiwoyinsa suka gaza, ya dawo gida ya zauna. Allah bai ba shi haihuwa ba. Daga shi sai matarsa Gwamma, sai wata kyanwa da take kiwo, wadda shi bai taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

Wata damina Gwamma ta yi ciwon kwana shida, ta rasu. Ranar da aka share makoki Jatau ya ja ƙyauren ɗakinta ya kulle, ya rataya mabuɗin a wuyansa, ya mai da shimfiɗarsa zaure. Ko wajen ɗakin ba ya so ya kalla. Wadda ta riƙe shi da abinci ita ce Lanti, matar marigayi wansa, tsohuwa ce da gidanta ke jikin nasa. Safe da yamma takan miƙo masa akushi ta kan katanga, ta ce, "Jatau, karɓi, kada ya huce."

Bayan wata huɗu, rannan da hantsi, ya shiga cikin gida zai ɗebi ruwa a randa, sai ya hangi wani abu a ƙofar ɗakin Gwamma. Ya matsa, ya ga hasbiya ce matacciya, wuyanta a karye, kanta na fuskantar ƙyaure. Ya ɗauke ta ya jefar, bai kawo komai a ransa ba. Bayan kwana biyu ya tarar da kurege a daidai wurin. Da aka ƙara kwana ya tarar da gafiya. A nan ne abin ya fara ba shi tsoro.

Ya tafi wurin liman ya faɗa masa. Liman ya ce Allah ne masani, ya riƙa addu'a. Ya tambayi maharbin unguwa, maharbi ya ce shaho ne ke sakin abin da ya sura. Jatau ya ce, "Shahon kuma kullum sai a ƙofa ɗaya?" Maharbi ya sosa ƙeya, ya ce to watakila ba shaho ba ne. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce marigayiya ce ke neman sadaka. Jatau ya sa aka toya waina aka raba wa unguwa. Kashegari ya tarar da ɗan zomo. Duk wanda ya tambaya sai ya ba shi amsa dabam, kowace amsa kuwa sai ta zauna masa har gari ya waye, sannan ta rushe. Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba: wani lokaci, in ya zo kusa da ɗakin, yakan ji motsi a ciki, da wata 'yar siririyar murya. Sai ya ja da baya da sauri, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa.

Daga ƙarshe wani ya kai shi wurin wani boka da ake kira Na-Tandu. Boka ya share ƙasa ya yi zane, ya girgiza kai, ya ce, "Sammu ne. Hasbiya, a ɗauke maka barci. Kurege, a ruɗa maka hankali. Zomo, a sa ka bar gidanka da gudu. Wa zai gaji gidan in ka bar shi?"

Jatau ya ce, "'Ya'yan wana."

Boka ya ce, "Hannun wa ke ƙetare katangarka kullum?"

Jatau ya tuna akushin Lanti. Ya tashi ya koma gida.

Tun daga ranar, in Lanti ta miƙo akushi yakan karɓa ya yi godiya, ya juye tuwon a rami ya rufe da ƙasa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Da safe yakan ce a ransa, matar da ta yi jinyar Gwamma da hannunta ba za ta yi haka ba. Da yamma kuma, in ya tuna maganar boka, sai ya ce, to in ba ita ba, wa? Bai faɗa wa kowa sunanta ba, amma boka ya faɗa. Kafin kasuwa ta zagayo maganar ta gama gari. Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in Lanti ta zo rijiya. Masu sayen ƙuli a wurinta suka daina zuwa. Rannan wani mutum ya ce shi da idonsa ya ga kyanwa a kan katangar Jatau da tsuntsu a baki. Jatau ya ji sanyi a ransa, ya ce ashe kyanwar Gwamma ce. Amma boka ya yi dariya ya ce, "Ai Lantin ce. Mayya in za ta yi aikinta, da me take rikiɗa in ba kyanwa ba?" Sanyin da Jatau ya ji ya koma tsoro, fiye da na dā.

Aka fara jifar rufin ɗakin Lanti da duwatsu. Da abin ya yi tsanani, mutanen unguwa suka tasa ta gaba, suka jawo Jatau, aka ɗunguma gaban alƙalin garin, wani dattijo mai suna Malam Haladu. Suka ce a kore ta daga gari kafin rana ta faɗi.

Alƙali ya saurari kowa har ya gama. Ya dubi Lanti ya ce, "Iya, me za ki ce?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, shekara arba'in da ɗaya ina zaune da su Jatau. Ni na ɗauko Gwamma ranar da aka kawo ta. Ban san abin da zan ce ba."

Alƙali ya juya ya ce wa jama'a, "Kun kawo mini abu mai nauyi. In na kore ta, na kori tsohuwa a kan abin da ba wanda ya gani. In na sallame ta haka kawai, ku da kuka jefi rufinta jiya, gobe ita za ku jefa. Rantsuwa ba za ta gamsar da ku ba, don za ku ce mayya ba ta tsoron rantsuwa. In na tsare ta a nan, aka sake ganin mushe a gidan, za ku ce kurwarta ce ta fita. Saboda haka ku bar ni in yi tambaya."

Ya juya ga Jatau ya ce, "Malam Jatau, lasafta mini abubuwan da ka tarar."

Jatau ya lasafta: hasbiya uku, kurege biyu, gafiya, ɗan zomo, fakara.

"Ka taɓa tarar da ɓera?"

"A'a."

"Ƙadangare fa? Ko 'yar ƙaramar tsuntsuwa irin tsada?"

"Ko sau ɗaya, Allah ya gafarta Malam."

"A ina kake kwana?"

"A zaure."

"A ƙofar zauren ake ajiye su?"

Jatau ya ce a'a, a ƙofar ɗakin marigayiya ne, kullum a nan. Bai ga inda tambayoyin suka dosa ba. Ya dubi mutane, ya ga su ma suna kallon juna.

Alƙali ya ce wa boka, wanda shi ma yana cikin taron, "Kai da ka san sammu, gaya mini, a ƙofar wa ake ajiye shi?"

Na-Tandu ya gyara zama ya ce, "A ƙofar wanda aka nufa, inda yake kwana yake tashi. Wannan kowa ya sani."

Alƙali ya ce, "Madalla. Jama'a, kun ji da kunnenku. Ashe ba Jatau aka nufa ba, tunda shi a zaure yake kwana. Wanda aka nufa yana cikin wancan ɗakin, kuma ba na yanke hukunci sai na ga mai ƙara na gaskiya. Ku tashi mu je."

Aka tashi duka, alƙali a gaba, Lanti a gefensa, jama'a a baya suna gunaguni. Jatau na tafe a cikinsu. Wa ke cikin ɗakin? Ya tuna motsin nan da siririyar muryar nan.

Da suka isa ƙofar, alƙali ya tsuguna ya duba ƙasan ƙyauren. Gara ta ci gefe ɗaya, ta bar kafa wadda ba ta fi faɗin tafin hannu ba. A bakin kafar akwai gashin tsuntsu maƙale da itacen. Ya cire ɗaya ya nuna wa na kusa da shi. Sai ya miƙe ya ce, "Malam Jatau, buɗe."

Jatau ya kama mabuɗin da ke wuyansa, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, tun ranar da aka fitar da ita ban shiga ba. A yi mini afuwa."

Alƙali ya sassauta murya ya ce, "Na san abin da ke ranka. Amma ga tsohuwa tsaye, zamanta a garin nan yana bayan ƙyauren nan. Buɗe."

Jatau ya sa mabuɗin ya buɗe. Mutane suka ja da baya, wasu har sun juya za su gudu. Haske ya shiga ɗakin. Ga jeren ƙoren Gwamma yadda ta bar su, ga zanenta a kan igiya. A tsakiyar gadonta kuwa, ga kyanwar kwance, ta rame, 'ya'ya huɗu na shan nononta. Ƙasan gadon cike da wutsiyoyin ɓeraye, da kawunan ƙadangaru, da fukafukan ƙananan tsuntsaye. Kyanwar ta ɗago kai ta dubi taron, ta ci gaba da lasar ɗanta.

Alƙali ya ce, "Ga waɗanda aka nufa. Uwa ce ke yi wa 'ya'yanta farauta. Abin da ya yi ƙanƙanta ta shige da shi ta kafa, abin da ya yi girma ya ƙi shiga, ta bar shi a ƙofa. Shi ya sa mutumin nan bai taɓa ganin ɓera ba, sai hasbiya da zomo." Ya juya ga boka ya ce, "Ka ce kyanwar ita ce Lanti. To ga Lanti a gefena, ga kyanwa a kan gado tana shayarwa. Wacce ce a ciki ta haifi huɗun nan?"

Wani ya fashe da dariya, wasu suka kama, amma ba ta yi nisa ba, don yawancinsu sun tuna duwatsun da suka jefa.

Alƙali ya yanke hukunci a nan tsakar gida. Ya ce boka ya zaga rijiya da kasuwa da ƙofar masallaci, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi wa Lanti, kuma kada a ƙara jin ya yi wa kowa duba a garin. Ya ce duk wanda ya san hannunsa ya taɓa dutse, gobe ya kawo ciyawa da igiya a gyara mata rufi. Kyanwa kuwa, ya ce a riƙa ba ta abinci ta ƙoshi, ko tsuntsayen unguwa sa huta, don wata huɗu ba wanda ya tuna da ita.

Jatau dai yana tsaye a bakin ƙofa kamar wanda aka tasa daga barci. Kwana ashirin yana neman maƙiyi, ya duba sama, ya duba lahira, ya duba ƙetaren katanga, ashe abin duk bai shafe shi ba. Ya juyo ya durƙusa gaban Lanti, ya ce, "Yaya, ban san abin da ya shiga kaina ba. Ki yafe mini."

Lanti ta dube shi. Ta ce, "Da bakinka ba ka kira ni mayya ba, na sani. Amma da aka kira ni, kana zaune, ba ka ce a'a ba. Shekara arba'in da ɗaya, Jatau, sai da kyanwa ta yi mini shaida." Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Na yafe. Tashi, tsofai-tsofai da kai, mutane na kallo."

An ce da almajiran shari'a suka tambayi Malam Haladu yadda ya gano al'amarin, sai ya ce musu, "Gari duka ya tsaya a kan tambaya ɗaya, wa ya kawo. Ba wanda ya tambaya, wa aka kawo wa. Mutum in yana cikin baƙin ciki ko tsoro, gani yake duk abin da ya faɗo duniya shi aka jefa."

Saboda haka, wanda ya tsinci abin tsoro a ƙofarsa, kafin ya nemi wanda zai zarga, ya fara tabbatar cewa saƙon nasa ne.