Mai Fiton da Ya Manta Hanyar Ruwa

Ku gyara zama, jama'a, yau na zo muku da maganar da sai kun raba gardama a kanta.

A bakin kogin Kwara, wajen Yawuri, an yi wani mai fito ana ce masa Barmo. Duk dutsen da ke kwance ƙarƙashin ruwan nan ya san shi har sunansa. Damuwarsa ɗaya, barci ya ƙaurace wa idonsa shekara da shekaru. Wani fasinja ya ba shi ƙwayar barci, ya sha ya ji daɗi. Daga ɗaya ya koma biyu, daga biyu ya daina ƙirgawa. Sannu a hankali kansa ya yi nauyi. Yana cikin magana sai ya rasa inda ya dosa, ga hula a kansa yana neman hula. Wata ranar kasuwa, jirgi cike da mata da buhunan shinkafa, ya kai tsakiyar kogi, ya duba gabas ya duba yamma, ya rasa hanya. Jirgi ya gogi dutse. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma Barmo ya ajiye filafili.

Gari ya ɗauka aljanun ruwa ne, aka shiga yi masa hayaƙi. Matarsa Tabawa kaɗai ta san gaskiya, kuma ya sa ta yi alkawarin rufa masa asiri. Ran da ya kalli 'yarsu ya kasa tuna sunanta, Tabawa ta yafa mayafi ta je ta faɗa wa danginsa komai. Barmo ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa, har ya daina cin tuwonta. Ta ce, "Maigida, gara ka ƙi ni da hankalinka."

Don kunya, Barmo ya watsar da ƙwayar gaba ɗaya rana guda. Jikinsa ya kama ɓari, ya faɗi yana shure-shure. Ƙanensa Cindo ya sungume shi sai asibiti. Likita ya ce da an makara da labari ya sha bamban, domin irin wannan magani da kaɗan-kaɗan ake rage shi. Cindo ya bar gonarsa ga ciyawa a tsakiyar damina, ya tare a gidan yayansa. Shi ke riƙe da maganin, yana ba shi daidai yadda aka ce, yana hana shi goro da shayi bayan la'asar. Zagin da ya sha a wajen Barmo, Allah kaɗai ya sani.

Jiki ya warware, amma Barmo ya koma zaman gindin tsamiya, yana tsoron ruwa. Sai ga Tanimu, abokin hamayyarsa a fito, wanda ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Ya ce, "Tashi, Barmo, ina neman mai taya ni tuƙi." Kullum da safe yana zaga kogi da shi yana tambaya, "Wane dutse ne nan?" alhali shi Tanimun ya sani. Wata rana amsa ta zo, wata rana shiru. Ran nan Barmo ya daka tsawa, "Karkata hagu, Kan Dorina na gabanka!" Suka kalli juna suka tuntsire da dariya. Ran kasuwa kuwa, da mutane suka yi cirko-cirko suna shakkar jirgin Barmo, Tanimu ya riƙo hannun tasa tsohuwar, ita ya fara sakawa a ciki.

Yau Barmo yana fito. Barcinsa ba mai yawa ba ne, amma nasa ne, kuma abin da ya manta yana dawowa da ɗai-ɗai. Ya sa an sassaƙa masa sabon jirgi, mai fenti ya zo da gwangwaninsa, gaban jirgin kuwa suna ɗaya zai ɗauka.

To, jama'a, tsakanin Tabawa da Cindo da Tanimu, sunan wa za a rubuta?