Turakun Mashigi

Akwai wani mutum da ƙanensa, manoma ne, suna zaune a wani gari a bakin kogi. Gonarsu tana kan tsibiri a tsakiyar kogin. Ƙasa ce mai albarka, sai dai wata daminar ruwa yakan haura ya shanye tsibirin ƙurmus.

Tsakanin garin da tsibirin akwai mashigi, inda ake ƙetarewa da ƙafa. Kakanni suka ce akwai falalen dutse kwance a ƙarƙashi, ba miƙe yake ba, ya karkata nan ya karkata can, dama da hagunsa kuwa rami ne. Da rani yashi ke rufe shi, da damina ruwa, saboda haka ba mai ganinsa da ido. Sai suka kakkafa turaku suna bin dutsen. Kowane rani mazan gari sukan fita su cire turken da ya ruɓe, su kafa sabo a raminsa.

To, wan nan Allah ya ba shi baki. In dai zancen turaku ne, sai ka gaji da ji. Ya san wanda ya kafa na fari, ya san irin icen, ya san amsar kowace gardama. Amma fa shi sai ruwa na idon sawu yake ƙetarewa, lokacin da ko akuya ba ta bukatar turke. Ran da ya ga kogi ya yi ja, ran nan kansa ke ciwo.

Ƙanen kuwa, wanda ake kira Auta, ya daina yarda da turakun. Ba iskanci ya sa shi ba. Matarsa ce ruwa ya tafi da ita, da goyo a bayanta, aka kuma ce turakun take bi. Tun daga ranar zuciyarsa ta bushe. Ko a zaman makoki, maimakon wan ya yi kuka tare da shi, bayani ya yi ta zuba masa, wai watakila ta saki layi ne.

Wata rana da hantsi suka ƙetara ruwa na idon sawu, suka duƙufa noma. Ashe an kwana ana ruwa can sama inda kogin ya fito. Kafin la'asar sai suka ji ƙugi. Kogi ya kawo, jawur, yana tafe da itatuwa, har ya fara lasar kunyoyin bakin gona. Zama ba nasu ba ne, dole a ƙetare.

Auta ya nuna gari ya ce, “Ga gida can sambal. Nan zan yanka.”

Wan ya riƙe masa hannu ya ce, “Kul! Rami ne a wurin. Turaku za mu bi.”

Auta ya ce, “Yaya, waɗanne turaku? Wanda ya kafa na fari ya zama ƙasa. An cire an mayar, an cire an mayar, wa ya san inda na asalin yake? Dubi wancan ma a karkace. Ba dutsen komai a ƙarƙashin nan. Tatsuniya ce tsofaffi suka bar mana don kada tsoro ya kashe mu.”

Nan fa wan ya samu abin da ya iya. Ya ce ai ba a kafa sabo sai a ramin tsoho, kuma a gaban idon jama'a. Ya ce karkacewar turke ba ita ce karkacewar dutse ba. Ya lissafa mutanen da suka bi suka tsira. Maganarsa duk gaskiya ce, ko ɗaya ba ƙarya, ruwa kuwa yana ta hawa.

Auta ya bari har ya gama, sa'an nan ya ce a hankali, “Na ji, Yaya. Shiga gaba, in bi ka.”

Wan ya tattare riga, ya sa ƙafa. Ruwan ya fizge shi, turken da ya kama ya girgiza a hannunsa. Sai ya janye ƙafar, ya juyo ya ce, “Tsaya tukuna, akwai abu ɗaya da ban bayyana maka ba.”

Kaico! Da ma bai juyo ba. Auta ya dube shi, ya yi wani murmushi wanda ya fi kuka ciwo, ya ce, “Ashe kai ma ba ka yarda ba.” Ya faɗa ruwa, ya miƙe sambal wajen gari. Bai yi nisa ba ƙasa ta ɓace masa. Kansa ya ɓullo, ya nutse, ya sake ɓullowa can gaba, daga nan ba a ƙara ganinsa ba.

Wan ya ƙwalla ihu, ya auka cikin kogin bai ma san ya shiga ba, yana cafkar turke bayan turke. Sai ya ji abu mai tauri a tafin ƙafarsa. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, amma ƙafarsa ba ta rasa wurin takawa ba, har ya fita a gaɓar gari. Ya zube cikin laka yana ihu, “Auta! Akwai dutsen! Wallahi akwai shi!” Ba mai amsawa sai ƙugin ruwa. Mutumin nan ya daɗe a duniya bayan haka, amma ba a sake jin bakinsa a gardama ba, kuma baƙin cikin bai sake shi ba har ya mutu.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba ɓoyayyiya ba ce. Dutsen shi ne Ubangiji, wanda ido ba ya gani. Turakun su ne Littafi Mai Tsarki, wanda aka yi ta kwafewa daga hannu zuwa hannu har ya iso gare mu. Auta shi ne ɗan'uwanka da ya ce babu Allah, kuma sau da yawa ba daga kansa maganar ta fara ba, daga wani rauni ne da ba wanda ya yi kuka tare da shi a kai. Wan kuwa, ku gafarce ni, mu ne.

Ban ce kada mu ba da amsa ba. Tambayoyinsu na bukatar amsa, amsar kuma tana nan. Amma abin da ke cin raina shi ne, mun ƙware a kare Littafin, mun kasa taka shi. Littafin ya ce mu gafarta, mu ce sai gobe. Ya ce kada mu ji tsoro, ciwo kaɗan mu ruga gidan boka ta ƙofar baya. Suna kallonmu fa. Wanda ya ce babu Allah ba ya auna maganarmu da wata maganar, ƙafarmu yake dubawa ran da ruwa ya kawo.

Kowannenmu yana da Autansa, a gida ko a wurin aiki, kuma wataƙila ya riga ya ce maka, “Shiga gaba, in bi ka.” Ba kullum zai tsaya yana jira ba. Ka shiga tun yana bakin gaɓa.